Shekarar da Gafiya ta Shiga Lambunmu

Ina kan keken ɗinki a shagon maigidana da ke bakin kasuwar Birnin Kebbi, ina haɗa wuyan wata riga, sai ga Malam Gado dillalin albasa ya tsaya a ƙofa. Mutumin unguwarmu ne a Argungu. Duk lokacin da ya shigo Birni yakan leƙo ya ba ni gaisuwar gida, ya tsokane ni cewa na jefar da fartanya na kama allura. Ran nan bai tsokane ni ba, bai ma shigo ba.

"Umaru, aje ɗinkin ga. Igiyar ƙasa ta taɓa tsohonka ga lambu."

"Yaushe?"

"Jiya da hantsi. Shina da rai, shina magana. Amma ka taho."

A wajenmu ba a kiran maciji da sunansa idan ya sari mutum, sai a ce igiyar ƙasa. Na tambaye shi wace iri ce, ya dubi ƙasa ya ce kububuwa. Na bar rigar a bakin allura, na hau wata motar kasuwa da ta ɗauko buhunan shinkafa, na zauna a kan kaya har Argungu. A lokacin duk muna cikin Jihar Sakkwato, mota ba ta da yawa a wannan hanya, wadda ka samu ita ce taka.

'Ya'yana, na san abin da kuka ji game da wannan shekara. Kun ji ana cewa wana Bawa, wanda a wurinku uba ne, yana sane ya bar kakanku ya sa hannu a ramin maciji. Wasunku sun ji a wurin biki, wasu a bakin 'yan uwa. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, na kuma san kara ce kuke yi mini. To ga yadda abin ya kasance, gwargwadon abin da na gani da idona da abin da aka gaya mini daga baya.

Sai kun fara sanin yadda gidanmu yake. Bawa shi ne ɗan fari a wurin Baba da Inna, ni ne na ƙarshe, tsakaninmu mata ne da suka yi aure. Iyayenmu mutanen da ne, suna kunyar ɗan fari kamar yadda suka tarar ana yi. Ba sa faɗin sunansa, ba sa zama su yi hira da shi, ba sa yabonsa, in an zage shi a gabansu ba sa tanka. Tun yana jariri kakarmu ce ta ɗauke shi, sai da ta rasu ya dawo gidan da aka haife shi, ya tarar da iyayen da ba sa duban fuskarsa. Baba yana ce masa "mutumin nan". Inna tana ce masa "wancan". Shi kuma yana ce wa Baba "mai lambu". Ku da kuke zama da ni a tabarma ɗaya muna cin gyaɗa za ku ɗauka ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce. Na sha ganin Inna ta zaɓi tsokar kifi mafi kyau ta sa a kwanonsa, sannan ta ba ni ta ce in kai wa wancan, kada ya ce an hana shi. Amma dai haka suka rayu, mutum biyu suna noman lambu ɗaya shekara da shekaru, maganarsu tana bi ta bakin wani. Da na yi wayo sai ta riƙa bi ta bakina. Muna tsaye mu uku a fangali ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, Baba zai ce:

"Umaru, hwaɗa ma mutumin nan jakinai ya hi shi sammako."

Bawa zai ci gaba da jan jigo, ya ce, "Umaru, hwaɗa ma mai lambu jakin ba shi da mata."

Sai Baba ya juya baya don kada a ga yana dariya.

Lambun yana gefen gulbi, ƙasa da gari. Da jigo muke ban ruwa, ana jan guga daga kwarin da aka haƙa a bakin ruwa, a zuba a magudana, ruwan ya bi fangali fangali. Muna yin tattasai da alayyafo da ɗan tumatir, amma albasa ce gidanmu. Baba yana da wani iri da ya gada daga mahaifinsa, ja ce, ba ta da girma sosai, amma tana jure ajiya har damina ta yi nisa, lokacin da ta sauran mutane ta ruɓe. Ba a sayen irinta a kasuwa. Kowace shekara yakan zaɓi kawuna mafi kyau ya ɓoye, in lokaci ya yi ya binne su a fangali ɗaya, su tsira su yi fure, ya tara ƙwayar. Uwar iri muke ce musu. Idan wannan fangali ya lalace, irin ya tafi ke nan.

A shekarar da nake faɗa muku, ruwan gulbi ya hau sosai da damina, ya kori gafiya daga fadama, ta hauro inda ƙasa ta fi tudu, wato wajen lambunanmu. Wanda bai yi lambu ba yana ganin gafiya babban ɓera ce kawai. Ɓarnarta iri biyu ce. Tana haƙa rami a ƙarƙashin magudana, ka ja ruwa tun safe har kafaɗarka ta mutu, ka waiwaya ka ga duk ya zurare cikin ƙasa, shuka ba ta sha ba. Sannan ba a wurin take cin abu ba, ɗauka take yi ta kai can ƙuryar raminta ta tara, kamar mai rumbu. Ni a lokacin na shekara guda a Birni wajen koyon ɗinki, Baba da kansa ya kai ni. Na zo gida wata Juma'a na tarar ba a zancen komai sai gafiya. Wasu maƙwabta sun sayo maganin ɓera suna barbaɗawa a dusa. Bawa ma ya so a yi haka, Baba ya ƙi.

"Hwaɗa ma mutumin nan, yara na kama gahiya su gasa, awakin mutane na shigowa. Ba ni kashe ɗan wani don albasa."

Don haka muka yi mata hayaƙi, yadda Baba ya koya daga nasa uban. Ramin gafiya ba baki ɗaya gare shi ba. Akwai wanda take shiga, inda za ka ga tarin sabuwar ƙasa, akwai kuma na gudu, waɗanda take ɓoyewa a gindin ciyawa ko ƙarƙashin shinge. Sai an bi an nemo su an toshe da laka, a bar guda. A wannan gudan ake kifa tsohuwar tukunya mai huda, a cika ta da ƙaiƙayin shinkafa da busasshen kashin jaki da barkono, a sa garwashi, a riƙa fifitawa da faifai har hayaƙin ya cika ramin. Mutum ɗaya yana fifita, sauran suna zagayawa da sanduna suna duban ƙasa. Duk inda aka ga siririn hayaƙi yana tasowa, to an manta da baki a nan, kuma ta nan za ta fito. Ran nan ni ke fifita, idona yana ta zubar da ruwa saboda barkono. Wata ƙatuwa ta ɓullo tsakanin ƙafafun Baba, kumatunta cike da abin da ta sata, ya kai mata duka ya sami ƙasa, ta bi ta cikin tattasai ta tsere.

"Umaru," in ji Bawa, "tambayi mai lambu ko sun san juna ne, na ga ya ba ta hanya."

Mun kashe wasu a ranar, wasu sun tsira. Kafin mu tashi Baba ya maimaita mana ka'idar da kowane mai lambu ya sani: ramin da aka yi wa hayaƙi ba a sa masa hannu, da dagi ake tona shi, domin ba gafiya kaɗai ke kwana a ciki ba. Na koma Birni ran Asabar ina warin hayaƙi. Wannan ne ganina na ƙarshe da Baba a tsaye.

Da na iso gida bayan saƙon Malam Gado, na tarar da zaure cike da mutane. Bawa yana zaune a dakalin ƙofar ɗakin Baba ta waje, bai shiga ba, don bai saba shiga ba. Na shiga. Baba yana kwance a tabarma, hannunsa na dama ya kumbura har kafaɗa, an shafe shi da magani baƙi. Inna tana zaune wajen kansa da tsumma tana goge masa baki, tsumman ya yi ja. Abin da aka gaya mini shi ne, bayan tafiyata gafiya ta gano fangalin uwar iri, cikin 'yan kwanaki ta kwashe fiye da rabi. Suka bi sawu suka gano ramin a gindin shingen gabas, suka yi masa hayaƙi da yamma. Washegari da safe Bawa ya tafi da jaki ɗebo taki, Baba shi kaɗai ya tona ramin da dagi har ya kai ga ma'ajiyar, ya ga kawunan albasarsa a tare, da yawa ba a taɓa su ba. Ya sa hannu ya fara fitar da su. Yana cikin haka abin ya same shi. Maƙwabcinmu na lambu, Ɗan Ige, shi ya ji salatinsa ya zo ya kashe macijin, ya goyo Baba zuwa gida.

Baba ya buɗe ido ya gan ni.

"Tela ya zo? Wa ka bar ma wandunan mutane?"

Na ce masa su jira. Sai ya ce:

"Hwaɗa ma mutumin nan shi tashi daga ƙohwar ga. Shi tahi shi maida uwar iri ƙasa, shi ba ta ruwa. Ba ita igiya ta sara ba."

Na fita na faɗa. Bawa ya miƙe ya ɗauki kwandon da aka zubo kawunan a ciki, ya tafi. Ku riƙe wannan, domin daga baya an lissafa masa shi cikin laifuffukansa, wai ubansa yana kwance rai a hannun Allah shi yana lambu. Ni aka aika, ni na faɗa masa.

Mai maganin gargajiya ya yi iya ƙoƙarinsa. Da jinin ya ƙi tsayawa muka kai shi asibiti, su ma suka yi nasu, amma an riga an makara. Baba ya ce a maida shi ɗakinsa, muka maida shi. A daren ƙarshe ya ce kowa ya fita sai Inna. Da asuba ya cika. Bawa ne ya shiga kabari ya karɓe shi, kuma ina jin wannan ne karo na farko da ya riƙe mahaifinsa tun yana yaro.

Maganar ta tashi ne a zaman makoki. Ɗan Ige, ba da mugun nufi ba, yana ba da labari sai ya ce ai tun yammacin da aka yi hayaƙi Bawa ya gaya masa a bakin jigo cewa ya ga sawun igiyar ƙasa ya shiga wannan rami. Ƙanin Baba, Bappa Labbo, wanda a lokacin shi ne babba a gidan, ya ajiye carbinsa. Mutum ne mai zafi, kuma yana son wansa ƙwarai, kwana biyu bai ci abinci ba.

"Bawa, ka ga sawu?"

"Na gani, Bappa."

"Ka hwaɗa mai?"

"Na hwaɗi."

"Wa ka aika?"

"Ba kowa. Mu biyu muke. Na tsaya bayanai nac ce akwai sawun igiya ga ramin gabas, kada a taɓa shi sai na zo."

"Mi yac ce?"

"Bai ce komi ba."

Bappa Labbo ya dubi mutanen da ke zaune, ɗaya bayan ɗaya.

"Jama'a, akwai wanda ya taɓa jin yaron ga ya yi ma ubanai magana baki da baki? Ni dai tun da anka haihe shi ban ji ba. Sai ranar da babu shaida? Ka ga mutuwa ta shiga rami, ka ɗauki jaki ka tahi ɗibar kashin shanu."

Bawa ya ce mai lambu ne ya aike shi. Aka tambaye shi ta bakin wa, ya ce da safe ya tarar an ɗaura wa jaki mangala an tsayar masa a ƙofa, ya kuwa san ma'anar haka. Wani ya yi tsaki. Ni na ce Yaya Bawa ba ya ƙarya. Bappa Labbo ko dubana bai yi ba, ya ce wanda ke Birni yana ɗinka wando ya bari manya su yi magana. Liman ya ce a yi haƙuri, kwana ne ya ƙare, aka shafa fatiha. Amma maganar ta riga ta fita zaure, kafin sadakar bakwai ta gama zaga unguwa, kuma a hanya ta ƙara nauyi. Aka ce ya gaji da zama ƙarƙashin tsoho, lambun yake so. Aka ce tun da aka hana shi sa maganin ɓera yake fushi.

Mutum ɗaya ce za ta iya sanin gaskiya, wadda ta kwana da Baba a daren ƙarshe. Na same ta a ɗaki tana takaba, ta lulluɓe da farin zane. Na durƙusa na ce, Inna, kin ji abin da ake faɗa a kan Yaya. Ko Baba ya ce wani abu?

Ta daɗe tana jan carbi.

"Ba a tambayata zancen wancan," in ji ta.

Na sake roƙonta. Ta juya fuska ga bango. Na san Inna, in ta juya haka an gama.

Na bar ɗinki na zauna gida har aka cire albasa, don aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A watannin nan na ga yadda ake kashe mutum ba tare da an taɓa shi ba. Ba wanda ya zage shi a fuska. Sai dai in ya zo masallaci a matsa kaɗan, in ya yi sallama a majalisa hira ta mutu, matarsa Ai ta je gidan suna ta dawo tana kuka ba ta faɗi dalili ba. 'Yarsu Hajo, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, ta dawo daga wasa ta tambayi uwarta ko gaskiya ne babanta yana kiwon maciji. Shi kuwa Bawa sai ya koma kan gafiya. Kullum da tukunyar hayaƙi a hannunsa. Ya gama da ramukan lambunmu, ya shiga na Ɗan Ige, ya shiga na gaba da shi, ba wanda ya roƙe shi, ba wanda ya gode masa. Idanunsa suka yi ja saboda barkono, tari ya kama shi. Wata rana na ce masa ya huta, gafiya ta ƙare.

"Umaru, kai ka yarda na hwaɗa mai?"

Na ce na yarda.

"Ni kuma abin da ban sani ba, ko ya ji. Guga na kuka lokacin, iska na tashi. Ban ɗaga murya ba, ban saba ba. Ƙila bai ji ni ba."

Wannan ne ya fi cinsa, ba maganar mutane ba.

Uwar irin da ya mayar ƙasa ta kama, ta yi fure, ya tara ƙwayar ya shanya ya zuba a gora. Irin da kuke gani muna shukawa har yanzu ke nan. Da aka gama cire albasa aka kai rumfa, wata safiya ya ɗaure kayansa, ya ce zai gangara Yawuri wajen wani abokinsa masunci, ya ga ko iskar can za ta karɓe shi. Matarsa Ai ta goya Hajo duk da ta yi girma da goyo. Ya zo ƙofar ɗakin Inna ya tsuguna, ya ajiye goran iri a bakin ƙofa. Tana ciki, labule a ɗage, ina ganinta. Ya daɗe a tsugune. Ina tsammanin jira yake ta ce kada ya tafi, ko ta ce wani abu ko mene ne. Ta dubi kwaryar da ke gabanta ta ce:

"Umaru, hwaɗa ma wancan Allah shi kiyaye hanya."

Ya ce amin tun kafin in buɗe baki. Na raka su tasha. Shekara biyu na farko yana aiko da busasshen kifi ta hannun direbobi, daga nan saƙo ya yi ƙaranci, daga nan ya ɗauke. Ni na karɓi lambun, ban koma ɗinki ba sai jefi-jefi. Na auri mahaifiyarku, aka haifi manyanku. Inna ba ta taɓa tambayata labarinsa ba, amma duk ranar da motar Yawuri ke shigowa takan sami dalilin zama kusa da zaure.

Sai a ciwonta na ajali ta yi magana, wajen shekarar da aka ba mu jiharmu. Ina zaune ina ba ta kunu da rana, ta ture ludayin ta ce in rufe ƙofa.

"Ya ji shi," in ji ta.

Ban gane ba da farko. Ta ce:

"Daren da zai cika yac ce mini, mutumin nan ya hwaɗa mini akwai igiya, na ji shi sarai. Yac ce kada a taɓa sai ya zo. Na san in ya zo shi za ya sa hannu, ba ya bari in sa. Shina da ƙaramar ɗiya. Shi ya sa na ɗaura ma jaki mangala tun da asuba. Na zaci hayaƙi ya kashe ta, na zungura da dagi ban ji motsi ba."

Na ce, Inna, kin san wannan tun ran nan, kika bar shi ya tafi?

"In tashi cikin takaba in shiga zaure gaban maza in wanke ɗan hwari? Da wane baki? Sai a ce uwa ta tsaya ma ɗanta, ba ta da kunya, ba kuma mai yarda. Nac ce in kwana arba'in ya wuce magana za ta mutu. Ba ta mutu ba. Nac ce in na hita takaba. Da na hita sai ta yi mini nauyi. Kullum sai in ce gobe."

Hawaye yana bin gefen fuskarta zuwa kunne. Sannan ta ce, "Ka nemo mini Bawa." Tun da nake ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ran nan. Ba na so ku riƙe ta da wannan. Yadda aka rene ta ke nan, kuma ta biya abin da ta biya ita kaɗai a ɗakinta, ba wanda ya sani. Ba ta kai ƙarshen makon ba.

Bayan an yi sadakar uku na je wurin Bappa Labbo, ya tsufa, ido ya fara tafiya. Na gaya masa kamar yadda ta gaya mini, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce halin wansa ne, babu shakka, haka zai yi. Ran Juma'a bayan la'asar ya sa aka riƙe masa hannu ya miƙe a masallacin unguwa, ya faɗa wa jama'a cewa ya zalunci ɗan wansa, yana neman a shaida. Na ga girmansa a wannan rana. Sai dai rabin waɗanda suka zauna a zauren nan sun riga sun mutu, matan da suka yaɗa maganar ba sa masallaci, shi ya sa har ta iso kunnenku a yadda take ta farko.

Na tafi Yawuri. Abokin nasa ya ce sun daɗe da rabuwa, ya gangara ƙasa da masu bin kifi. Na shiga jirgin ruwa na bi tungayen masunta ina tambaya. A wata tunga wani tsoho ya gane shi da na kwatanta, ya ce ai Bawa mai tari, wanda in gafiya ta dami mutum a gona shi ake kira. Ya ce mutumin kirki ne, ba ya yawan magana, bai taɓa faɗin garinsu ba. Ya rasu damina biyu kafin zuwana, tarin ne ya kai shi. Ya nuna mini wajen da aka binne shi, ruwa ya riga ya shafe alamar. Na tsaya a inda ya nuna na yi masa addu'a, na kuma faɗa da ƙarfi cewa Baba ya ji shi. Na san ba a yi wa matacce saƙo haka, amma na faɗa.

Matarsa Ai ta riga shi rasuwa. Hajo kuwa, tsohon ya ce an aurar da ita ga wani masunci, sun tashi zuwa wani ruwa, wasu sun ce Neja, wasu sun ce har ƙetare. Ita kaɗai ya bari. Abin da ta tashi da shi game da mahaifinta da kakanta shi ne abin da yara suka gaya mata a wurin wasa, ban sani ba ko wani ya taɓa gyara mata. Rabon ubanta na lambu yana nan daga magudana zuwa shingen gabas, ina noma shi amma ba nawa ba ne, kuma ba naku ba ne, kada ku sa shi cikin gado. Na sake komawa nemanta sau da yawa lokacin da ƙafata ke iya shiga jirgi, na bar sallahu wurin direbobi da masu sayen kifi. Har yau ban same ta ba.